Ƙulli Biyu Don Kanya Babba

"…da gajiya, mai gidan da ba ya cefane?"

Adda ce ta leƙo zaure da ƙwaryar fura. Jikanta Zaharadeen bai ɗago ba. Yana garin Gwiwa, yana aika umarni daga kwamfutarsa zuwa babbar kwamfutar ofishinsu da ke Kazaure, ta ba shi sunayen makiyayan Kanya Babba da za a yi wa shanunsu rigakafi. Satinsa ɗaya da kama aiki, na gwaji ma, an kuma ce in la'asar ta yi ba sunaye, ya nemi wani wurin. Tsoro yake ji sosai, amma ina zai nuna a gaban tsohuwa?

"Tsohuwa, matsa, warin man shanunki na rikita min na'ura."

"Da shi aka goya ubanka. Me ya sa kake zufa kamar ɗan dako?"

"Na ce Kanya Babba, ita kuma ta can ta ce ba ta san Kanya ba, ba ta san Babba ba."

"Garin da aka kai ni amarya? Lallai ta fi ka jahilci."

"Tazarar da ke tsakanin kalmomin ce. Tana ganinta sai ta ɗauka abu biyu nake nema."

"To ɗaure su mana."

"Na ɗaure! Ga alamar zance nan gaba da baya. Sai dai tawa kwamfutar ke cire ta kafin ta miƙa saƙon."

Adda ta dire ƙwaryar, ta riƙe haɓa.

"Au, ɗan aikenka mai kwance kaya ne? Irin Yakubu direba kenan. Shekara ashirin ina ba shi man shanu da cuku ya kai Kano, bai taɓa fasa buɗewa ya leƙa ba. Ƙulli biyu nake yi, na waje nasa, na ciki na mai kaya."

"Kwamfuta ce fa, ba buhun kasuwar Gwiwa ba."

"Kai ma degiri ne da kai, ba wayo ba."

Ya harare ta. Can masallaci ladan ya fara bubbuga lasifika zai kira la'asar. Da sauri Zaharadeen ya saka sunan garin cikin alamar zance mai ɗigo ɗai-ɗai, ya sake naɗe umarnin duka da mai bibbiyu, ya danna. Sai ga sunaye na zubowa, har ƙasan allo. Nan take ya tura su ofis.

"Dama abin da zan yi kenan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Maƙaryaci! Kalli idona ka maimaita."

Dariya ta ƙwace masa. Ya ciro katin aikinsa daga aljihu, ya rataya mata a wuya.

"Na sallama. Gobe ke za ki Kazaure."

Ta cire, ta rataya masa, ta gyara masa kwala.

"Riƙe abinka. Na yi tsufa da ciyar da miji marar aiki."