Ƙarar Mai Injin Niƙa

Wata malama ce a Sabon Garin Zariya, Rifkatu, ta gaji tsohon fiyano a wajen kawunta. Da ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta kama shago ta buɗe ajin koya wa yara kiɗa. Fiyano ɗaya tal, yara tara, babbansu bai wuce shekara bakwai ba. Kullum bayan la'asar sai ta jera su a benci guda, ta raba musu maɓallai kamar ana rabon gona, kowa da yankinsa. To, ina yaro ina sanin iyaka? Tanko da gwiwar hannu yake dannawa don kada a riga shi. Ladidi baƙaƙen maɓallai kaɗai take taɓawa, wai mamarta ta hana ta ɓata farin abu. Autansu kuwa hannunsa bai kai ba, sai ya shige ƙarƙashi ya yi zamansa a kan abin takawa. Ita malama tana tsaye tana tafi, tana cewa, "Yauwa, an kusa."

Wata uku ana haka, ranar nan aka ce mai unguwa na kiranta, wani ya kai ƙara yana neman a tashe ta daga layin. Tashi kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, don ƙarti shida ne suka shigar da fiyanon nan, sai da aka cire ƙyaure, kuma ba ta da wani wurin da za ta kai shi. Ta gyara ɗankwali ta tafi, tana ta lissafin wanda ta ɓata wa. Tana shiga zaure sai ta ga Malam Sallau mai injin niƙa, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da nata, zaune furu-furu da gari har gashin ido.

Mai unguwa ya ce, "Malama, maƙwabcinki ya ce kin hana shi sakat. Malam Sallau, maimaita a gabanta."

Malam Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san kiɗan boko ba. Ranar da suka fara, na ɗauka injina ne ya kama ciwo. Na kashe shi don in duba, sai na ji ciwon ya ƙaru."

Rifkatu ta danne zuciyarta ta ce, "Baba, yara ne, koyo suke yi. Ai da rarrafe yaro kan tashi."

"Na san rarrafe, 'yata, na raini takwas. Ban taɓa ganin wanda ya yi nasa da taɓarya ba."

Mutanen zaure suka fara murmushi. Nan fa ranta ya ɓaci, ta juya wajen mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a duba mini wanda ya kawo ƙara. Tun safe injinsa ke ruri har magariba. Ruwan da na ajiye a kofi rawa yake yi, kalandar bangona ba ta taɓa kwana a miƙe ba, ban ce uffan ba. Yau shi ne ƙara ta dama? A tambaye shi, me ya raba tawa da tasa?"

Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce, "Tana da magana, Malam Sallau."

Malam Sallau ya cire hularsa ya kaɗe ta a gwiwa, sai da na kusa da shi ya yi atishawa, sannan ya mayar.

"Da bambanci, ranka ya daɗe. Nawa in ya gama ihu, mace takan fita da gari a ƙwarya. Nata wata uku ke nan yana ihu, ko dusa ban ga an fitar ba."