Guzurin Ƙulu na Kwana Arba'in

"...da gajiya? To madalla. Shigo, angon banza, kada ka taka mini kaya."

Haka Ƙulu ta tarbi jikanta Saliou a ɗakinta na unguwar Awendjé, a Libreville. Lokacin nan ne fa, bayan an karya darajar sefa, da hukuma ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasa. Shi Saliou a Libreville aka haife shi, takardunsa sun cika. Tsohuwa kuwa shekara talatin tana tuyar ƙosai a garin, ko launin takardar ba ta sani ba. Saura kwana uku wa'adi ya cika ya zo mata da tikitin jirgin sama, sai ga buhu biyar jingine da bango: gari buhu biyu, kilishi, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi.

"Amarya, garar wa za a kai?"

"Guzurina ne."

"Kilo ashirin suka yarda ki ɗauka. Ke kanki da ƙyar ki kai hakan."

"To su riƙe jirginsu. Kano kwana arba'in ce, da jikina na auna. Mota, jiran kwale-kwale a Kalaba, sauran a kan teku ina amai."

"Awa ɗaya da rabi zuwa Legas, ki sauya jirgi, awa ɗaya da rabi zuwa Kano. Azahar a nan, magariba a Fagge."

Ta dube shi ko ƙiftawa babu. "Ashe har hanyar ma an karya mata daraja."

"Kilomita dubu da ɗari uku ne, tun a makaranta..."

"Wanda bai taɓa wuce tashar jirgin ruwan Owendo ba zai gaya mini nisan garinmu? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Ai jirgin ya wuce rimi."

"In wata Kanon suka kai ni fa, ta nan kusa?"

"Ki soya musu ƙosai. Da kuɗinsu za su ƙarasa da ke ta gaskiyar."

"Ɗan nema! Da ƙosan ka yi wannan ƙaton kan."

Saliou ya durƙusa gabanta. "Kaka, in kika ƙi, jandarmomi ne za su zo. A jirgin ruwa za su cusa ki, ba buhu ko ɗaya."

Ta murza bakin zaninta.

"Awa uku?"

"Uku."

"Kai ma ukun ce in za ka zo, ko ta tsofaffi ce kawai?"

"Ni ma."

"To kwashe buhunan, gwauro, tunda ba mai dafa maka. Kwana arba'in za su yi maka. Suka ƙare ban gan ka a Fagge ba, aure ya mutu, na yi sabon miji."

"Wa zai kwasa?"

Dariya ta ƙwace mata har da tari. Ya sunkuya zai ɗaga buhun farko, ta doke masa hannu.

"Ban da kilishin. Awa uku ma ba azumi zan yi ba."