Gorar Shanyar Dada

"Lafiya ƙalau muka tashi, tunda ba kai ke ciyar da mu ba," in ji Dada, ko ɗago kai ba ta yi daga wankinta ba.

"Amarya ke nan!" in ji jikanta Mahfuz. "Wannan kyau haka da hantsi, ko haƙoran ne suka sake tsirowa?"

"Ka ji ɗan nema. Haƙorana uku sun fi ƙafafunka biyu aiki."

Ni Zubaida, ƙanwar mahaifin Mahfuz, ina gefe ina tsintar shinkafa a tsakar gidanmu na Ƙofar Dumi. In Dada da jikan nan nata suka haɗu, ni dai kunne nake kasawa, don duk wanda ya shiga tsakaninsu shi zai sha kunya. Bara mota ta buge shi a kan babur wajen Wunti, ƙafar dama ta karye, ya yi wata bakwai kwance a ɗakin Dada. Da ya tashi likita ya ce ya riƙa tuƙa keke don ƙafar ta saki. Shi ke nan, aka haɗa mu da aiki, yaro ya mai da keke abin hira da abin kwana. Yau ma da shi ya shigo, ya jingine a bakin rijiya, da jaka a bayansa.

"Jibi za mu tafi, ni da Irmiya abokina. Ta Dindima har Yankari, kwana shida, yawon buɗe ido."

"Buɗe ido? Au, da ma a rufe kake yawo da su? Shi ya sa mota ta same ka."

"A tanti za mu riƙa kwana."

"Tantiri a cikin tanti. An dace."

Ya durƙusa yana zana mata a ƙasa da tsinke. Wai yadi ne guda, a kafe kusurwa huɗu, a sa sanda ɗaya a tsakiya ta ɗaga shi ya yi tsini kamar dalar gyaɗa. Yadin ba nauyi, sandar ce ta gagara, kuma in bai samu ba kafin jibi, tafiya ta fasu.

"Na sa mai walda ya yanko mini bututun ƙarfe. Na ɗaura a keke, kafin in kai Miri sai da na sauka ina turawa."

"Rago."

"Na gwada bututun roba, rana ta buge shi ya lanƙwashe kamar taliya."

"Ya yi kama da mai shi."

"Na gwada sandar goge ɗaki. Iska ɗaya ta taso, ji kike ƙaras, tanti ya rufta mini a ka. Irmiya har da faɗuwa don dariya."

"Allah ya yi wa Irmiya albarka. Zubaida, ɗauko masa taɓarya."

"Taɓarya a keke, Dada? So kike ki zama bazawara karo na biyu?"

"To muciya."

"Sai dai in kwana a ciki kamar ƙadangare."

Duk surutun nan da yake yi, na lura idonsa na can tsakiyar gida, kan gorar da ta tokare igiyar shanya. Dada ma ta lura, don tsohuwar nan ba abin da ke wuce ta. Gorar marigayi babanmu ce, Malam Mudathir. Ɗan koli ne, shekara talatin yana bin kasuwannin ƙauye a keke, da ita yake kafa 'yar rumfarsa. Tun rasuwarsa shekara tara ke nan Dada ke tokare shanya da ita, tana shafe ta da man gyaɗa har ta yi ja tana sheƙi. Ko akuya ba a kora da ita a gidan nan.

"Ɗauke idonka daga kayan mijina na gaskiya."

"Haba Dada, mutumin da ya bar mini ke sukutum, zai hana ni sanda?"

"Bai bar maka ni ba, tsintata ka yi."

"Tsintuwar ma ban ga riba ba. Bari dai in ji nauyinta."

Kafin ta ce wani abu ya miƙe ya ɗan ɗaga gorar da yatsa biyu, fuskarsa ta washe.

"Wallahi kamar kara! Tsayin ma daidai, ƙafa biyar. Dada, wannan ai don ni aka sare ta."

Da ya sunkuya zai ajiye, sai bakin jakarsa ya buɗe, wani ɗan zarto ya zamo ya faɗi tim a gaban Dada. Na ce a raina, yau ake yin ta.

"Wannan fa?"

"Am... ta yi wa keke tsawo ne. Zan raba ta biyu daidai tsakiya, in na dawo sai a haɗa."

"Za ka sa wa gorar Malam zarto? A gidana? Ina raye?"

Wannan karon babu wasa a muryarta. Ta tsame hannu daga ruwan wanki. Mahfuz ya tsuguna, ya mai da zarton cikin jaka, har na fara jin tausayinsa.

"Ki yafe ni, Dada, ban yi tunani ba. Tun da na tashi daga jinya kowa kallon gurgu yake mini. A masallaci a miƙo mini kujera, a wurin aiki a ce kar in ɗauki komai. So nake in je da ƙafata in dawo da ƙafata, ko ni kaina in yarda na warke."

"Ni na yi jinyar ƙafar nan," in ji Dada. "Ni na ji kukanka da ka ce kar a gaya wa kowa. Tsoro nake ji, Mahfuz. Ba na son tafiyar nan ko kaɗan."

Rabon da in ji ta kira shi da sunansa har na manta. Ni kam idona ya cika, na sunkuyar da kai ina ta juya shinkafar da na riga na gama tsincewa.

Can sai ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta je ta fizge gorar, igiya ta sauko, zannuwan da ta wanke suka zube a ƙasa, ko kallonsu ba ta yi ba. A tsakiyar gorar akwai wata baƙar fata da aka naɗe, wadda duk zatona ado ce. Ta sa farce ta warware ta, ta riƙe sama da ƙasa, ta murɗa. Sai ga gora ta rabu biyu, da guntun bututun famfon keke a bakin ɗaya, inda ɗayar ke shiga.

Ni da aka haifa a gidan nan, ban taɓa sani ba.

Mahfuz ya saki baki. "Dada! Da ma..."

"Kana tsammanin a ka Malam yake ɗora ta har kasuwar Dindima? Biyu yake raba ta, ya ɗaure a jikin ƙarfen keke da roba, gwiwarsa ko taɓa ta ba ta yi. Ku 'yan boko, komai sai zarto."

Ya karɓa hannu biyu, ya haɗa, ya raba, ya sake haɗawa, yana dariya kamar wanda aka yi wa kyautar mota.

"Na sallama, amarya. Tsohon mijinki ya fi ni."

"Ai ko a kabari ya fi ka. Saurara, aro na ba ka. Ban yarda a aiko mini da ita ta hannun Irmiya ba, ban yarda ta hannun direba ba. Kai za ka shigo da ita da ƙafarka, ka tokare mini igiyar nan."

"Kafin nan ina za ki yi shanya?"

"A katanga. Igiyar tana nan a ƙasa sai ka zo ka ɗaga ta."

Ta juya masa baya ta hau tsince zannuwan daga ƙasa, ta daɗe tana kakkaɓe guda ɗaya.