Nomau a Tudun Yashi

A wani zango kusa da Kwatano akwai Malam Shekarau mai kilishi, da matarsa Tabawa, da tsohuwarsa Iya. Akwai kuma Nomau, ƙanen Tabawa, wanda ta ɗauko daga ƙauye bayan iyayensu sun rasu. Nomau ba ya ƙiwa, ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Duk Lahadi sukan je shan iska a tuddan yashi na bakin teku.

Wata rana Tabawa ta miƙa masa tsintsiya ta ce, "Share mana wurin tabarma, kada ka bar yashi." Suka tafi kallon masunta. Da suka dawo ba Nomau, sai ƙura ke tashi daga wani rami. Suka leƙa, ga shi har iya ƙirji yana zufa. Ya ce, "Yaya, a ɗan ƙara haƙuri, akwai saura."

Wata rana za su hau tudu mafi tsawo, Malam ya ce, "Inda na taka nan za ka taka." Can sama yashi ya zame da Malam, ya gangaro yana birgima, hula gabas takalmi yamma. Nomau ya yi bisimilla, ya kwanta, ya biyo shi, ya sauka tim a gadon bayansa. Ya ce, "Malam, na ɗan kauce a tsakiya. In sake?" Malam ya tofar da yashi ya rantse: sauran shirme ɗaya, motar albasa za ta mai da shi ƙauye. Wannan magana ta tsorata Nomau ƙwarai, don ba shi da kowa a can.

Wata rana gwiwoyin Iya suka matsa mata. Aka ce yashi mai zafi na maganin sanyin ƙashi, sai aka binne mata ƙafafu har cinya, can ƙasa kusa da ruwa. Malam ya ce wa Nomau, "Tsaya nan. Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ta." Shi da Tabawa suka tafi sayen kifi. Rana ta buɗe, Iya ta ce, "Ɗan nan, ba ni ruwa in sha." Nomau ya ɓoye gorar ruwa a bayansa ya ce, "An hana, Iya." Tana cikin zaginsa iska ta feso masa ɗigo ɗaya a goshi. Nan take ya tone ta, ya goya, ya kama hawan tudu tana zuba masa mafici a ka.

Malam ya iso yana haki. "Ka ɓata magani! Gobe da safe..." Bai ƙarasa ba Tabawa ta ƙwala salati. Suka waiwaya, wata ƙatuwar igiyar ruwa ta rufe inda aka binne Iya, ta ja tabarma da kwanuka ta tafi da su. Malam ya zauna daɓas.

Iya ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Shekarau, ranar da aka sa yaron nan a mota, a tanadi kujera biyu. Yanzu a ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Nomau ya ƙara ƙanƙame gorar, ya dubi Malam. "Malam, an ɗage dokar?"

Malam ya share hawaye da hannun riga. Ya karɓi gorar, ya shayar da tsohuwarsa da kansa, sannan ya miƙa wa Nomau sauran.