Ƙugiyar da Na Sa Aka Goge

A ganina, abin da ya hana gidan abincina na bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan cika shi ne tsohon allon da ruwa ya wanke. Don haka na ɗauko Emeka mai fenti, ɗan wani direban jirgi, ya rubuta mini abin da nake taƙama da shi: romon ƙashi.

Da ya gama, sai na ga wata 'yar ƙugiya a kan K ɗin, kamar ƙahon akuya.

"Wannan fa?"

"Mama, haka ake rubuta shi."

Ni da nake ba da waƙar Hausa a zumuntar mata ta cocinmu tun kafin a haife shi! Na riƙe ƙugu na ce fenti ne ya zube masa, ya goge maza. Ya ɗaga kafaɗa ya goge.

Washegari jirgin Kano ya tsaya, fasinjoji suka yi cincirindo a gaban allon suna dariya. Na ce kasuwa ta buɗe. Wani Alhaji ya matso yana share hawaye.

"Baiwar Allah, da gaske romon kashi kike sayarwa?"

Na ce, "Na rantse, Alhaji. Na shanu ne, sabo, da safen nan aka kawo!"

Sai da wata mai nono ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa in babu ƙugiyar nan, bayan gida nake talla. Duk garin nan a rasa mai faɗa mini sai bayan na yi rantsuwa!

An gyara allon tuni. Amma har yau 'yan acaɓa in sun wuce sai su rage gudu: "Mama, na yau sabo ne?"