Lodin Sallau Direba a Soket Ɗaya

A tashar Funtuwa akwai wani direba, Sallau, wanda duk duniya ba abin da ya tsana irin ya ga gurbi a buɗe. Motarsa ta mutum huɗu ce a takarda, amma in bai zuba bakwai ba, ya danna buhunan masara a but ya tamke da roba, gani yake ranar bai fito aiki ba. Wannan hali kuwa ba ya barinsa a tasha, har gida yake tahowa da abinsa.

Ɗaki ɗaya yake haya a gidan wata dattijuwa, Hajiya Dudu, ɗakin kuma soket ɗaya gare shi tal. Ya taɓa ƙona shi, Hajiya ta sa aka canza, ta kuma rantse masa cewa ranar da ya sake, ranar zai bar mata gida. Maganar nan tana tsorata Sallau ƙwarai, don matarsa ta tafi gidansu wankan jego, ba ya so ta dawo da jariri ta tarar da kayansu a bakin titi.

Ran nan da hantsi, bayan an daɗe ba a ga wuta ba, sai ga ta an kawo. Sallau ya zabura, tsoron Hajiya ya bi iska. Ya jawo doguwar wayar nan mai bakuna da yawa ya jona, ya jona wata a jikinta, ya shiga lodi. Hita a bokiti, dutsen guga, rishon wuta da tukunyar wake a kai, firji, fanka, talabijin. Maƙwabcinsa ya leƙo da wayarsa ta hannu zai sa caji, Sallau ya ce, “Kawo, akwai wuri.” Da ya ga kawunan wayoyin suna zazzagowa saboda nauyi, sai ya ɗauko robar but ya ɗaure su tamau, ya ja da baya yana kallon aikinsa, ransa fes.

Wake bai ko tafasa ba wari ya tashi. Soket ya yi tartsatsi, ya narke, baƙin hayaƙi ya lashi bango har rufi. Da ƙyar maƙwabci ya kai ga kashe wutar gidan.

Kafin hayaƙin ya washe, sai ga Hajiya tsaye a bakin ƙofa, tare da Iro mai gyaran wutar unguwar. Sallau ya tuna rantsuwar Hajiya. Amma mutumin da ya saba musu da jami’an hanya ba ya karɓar laifi da wuri.

Iro ya tsuguna ya ɗaga narkakken soket ɗin da sukurdireba, ya ce, “Haba Malam Sallau! Kowane soket da iya nauyin da zai ɗauka, ga shi ma a rubuce a jikinsa. Hita da dutsen guga kaɗai sun fi ƙarfinsa, balle ka ƙara masa risho.”

Sallau ya ce, “Rubutu? Ni ma a ƙofar motata an rubuta fasinja huɗu. Wannan ai rubutun waɗanda ba su san matsi ba ne.”

“Ai mota in ta gaji tsayawa take yi. Wannan kuwa gida yake cinyewa.”

“To in ba a so a cika, don me aka yi masa ramukan?”

Sai ya juya wajen mai gida, ya sassauta murya, ya ce, “Hajiya, ke uwa ce, ki yi mana adalci. Mu a sana’armu haramun ne a bar kujera ba kowa. Lodi kawai na yi, kuma wallahi lodi mai kyau, ko gurbi ɗaya ban bari ba.”

Hajiya ta dubi bangon, ta dubi Sallau. Ta ce, “Wato ya cika?”

“Maƙil, Hajiya.”

“To madalla. Ni dai ban taɓa ganin motar da ta cika ta ci gaba da zama a tasha ba. Ɗaure kayanka, ɗan nan, Allah ya kiyaye hanya.”