Yadda Ake Tarbar Sabon Ma'aikaci Ba Tare Da Rasa Kujera Ba

Malam, in ka bi abin da zan faɗa maka, na yi maka alkawari a zaune za ka yi ritaya. Tun da soja suka koma bariki, duk wanda ya ci zaɓe sai ya turo yaransa ma'aikatarmu. Mutane sun ƙaru, kujeru kuwa suna nan yadda soja suka bar su. Duk sabuwar fuskar da ta yi sallama, kujerarka ta zo nema.

1. Gaisa a zaune

Miƙa hannu, amma kada ka motsa. Tambaye shi gida, iyali, gajiya, da mutanen Ƙofar Sauri ɗaya bayan ɗaya. In ka ga yana yi maka kallon marar tarbiyya, dafa gwiwa ka ce sanyin ƙashi ke damunka.

2. Gano yaron wane ne

Da, kafaɗar mutum za ka duba ka san girmansa. Yanzu kowa shadda. Tambaye shi cikin raha motar wa ya bi lokacin kamfen. In ta babba ce, yi maza ka nuna masa kujerar wani.

3. Zagaya da shi

Dole ya san wurin aikinsa: masallaci, mai ƙosai, da ƙofar bayan da ake sulalewa in an yi azahar. Duk ana iya nuna su da leɓe daga inda kake.

4. Ɓoye masa maganar hula

Ka san al'adarmu. Wanda ya bar hula a kan kujera yana nan, ko da yana shagonsa a Ƙofar Kaura, kuma ba mai taɓa hular wani. Wannan ilimi ba na sabon shiga ba ne.

5. Riƙe karamcinka har ka koma gida

A nan Malam Babaji ya faɗi. Dattijo ne mai kirki, gashinsa a kujerar jikin taga ya yi fari. Ranar da wani saurayi ya kama aiki, sai dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe kujerar da hannun riga, ya ce, "Bismillah, zamna, ɗana."

Saurayi ya zauna. Washegari ya riga shi zuwa. Kunya ta hana Malam Babaji tada baƙo, sai ya ce bari ya jira lokacin salla. Da aka kira salla, yaro ya tashi ya bar hularsa, dabarar da Malam Babaji ya koya masa da bakinsa. Malam Babaji ya kai kuka wajen darakta, darakta ya ba shi haƙuri, ya ce yanzu dimokuraɗiyya ake yi, wanda ya hau kujera sai wa'adinsa ya cika. Wallahi abin da ban tausayi.

Gargaɗi: in ka bi wannan ka yi baƙin jini, ko gwiwarka ta sage da gaske, ba ruwana, ba ni na ɗauke ka aiki ba. Mai neman ƙarin bayani ya same ni a ofis, a kujerar jikin taga. In ba ka gane ba, tambayi Malam Babaji, yana nan tsaye a bakin ƙofa.